Tun Ran Gini, Tun Ran Zane: Abin da Akitek Zai Yi wa Mai Gina Gidan Kansa

Wanda ya zaga bayan garin Kano, ta wajen Rijiyar Zaki ko Ɗanbare ko Gaida, ko ya shiga sababbin unguwannin da ke bayan Rigasa a Kaduna, zai ga kangaye birjik. Wani an tsaya a fandisho har ciyawa ta binne shi. Wani ya kai linta an bar shi yana shan rana da ruwa damina uku. Wani an rufa ɗaki biyu iyali sun tare, ragowar ɗakunan awaki ke kwana a ciki. Wani kuma an zuba dekin, rodi ya miƙe tsirara a samansa yana jiran benen da ba a san ranar ɗora shi ba. Wannan ba sakaci ba ne, haka mafi yawan mutanenmu ke mallakar muhalli. Ma'aikaci ko ɗan kasuwa ya sayi fuloti ya kewaye. In kasuwa ta yi kyau a buga bulo, in an kwashi adashi a sayi rodi, in giratuti ya fito a yi rufi. Bashin gina gida na banki bai isa ga yawancin jama'a ba. Asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ake yankar kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci ana zubawa a ciki, yana neman takardun mallakar da filayen bayan gari da yawa ba su da su, ga kuma ɗimbin waɗanda ko an miƙa musu ba za su karɓa ba don gudun kuɗin ruwa. Tsadar kaya ita ma tana ƙara jan lokaci: a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira dubu goma a wurare da dama, alhali watanni kaɗan kafin nan wajen rabin haka ake sayensa.

A irin wannan gini na kaɗan-kaɗan, ina gurbin masanin zanen gine-gine, wato akitek? Amsar da aka saba ji ita ce ba shi da gurbi, shi na gwamnati ne da bankuna da attajiran Nasarawa da Maitama. Ni a ganina an juya maganar ne. Attajiri in ɗaki bai yi masa ba zai rushe ya sake, in gida ya yi zafi ya ƙara na'urar sanyaya ɗaki da babban janareta. Wanda ya shekara goma yana tara kuɗin bulo ba shi da wannan damar. Kuskuren da aka yi ranar da aka ja igiyar fandisho a cikinsa zai tsufa, shi kuma 'ya'yansa za su gada. Saboda haka shi ya fi kowa buƙatar wanda zai yi tunani tare da shi kafin a haƙa ƙasa. Sai dai abin da yake buƙata ya bambanta da abin da masu zane da yawa suka saba sayarwa, wato kyakkyawan hoton gida cikakke da fitilu da mota a ƙofa. Yana buƙatar wanda zai ware masa abubuwan da in an yi su ba a sake su, ya jera masa aikin daki-daki gwargwadon yadda kuɗi ke shigowa, ya kuma taka zuwa filin a 'yan ranakun da kuskure ke da tsada. In ba a samu haka ba, laifin na ɓangarorin biyu ne, mai gida da mai zane.

A duba yadda ake samun zane a yau. Mutum ya ga gidan abokinsa ya burge shi, ya karɓi kwafin takardar. Ko ya ga hoto a Facebook ya nuna wa wani yaro da ya iya kwamfuta, a fitar masa da falo biyu da ɗaki huɗu cikin kwana biyu, mai zanen ko filin bai taka ba. In filin yana cikin shimfiɗar gwamnati kuma ana tsoron jan fentin hukumar tsara birane, KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna, sai a nemi mai rajista ya buga hatiminsa a kan zanen da ba shi ya yi ba, a ba shi kuɗin hatimi. Izini na fitowa takarda ta gama aikinta, a naɗe ta a jefa a durowa. Ranar fitar da fandisho mai gida da birkila su tsaya a fili da igiya da turaku, wannan ya ce a ƙara wa falo ƙafa biyu, wancan ya ce to sai dai a matse kicin, a nan tsaye a yanke abin da za a zauna a ciki shekara hamsin. A filin awon igiya kuwa, wanda dillalai da masu gona suka yanka ba tare da hukuma ba, ko wahalar neman hatimin ba a sha. Dokar da ta kafa hukumar rajistar masu zanen gine-gine, ARCON, tana nan tun 1969, kuma ta keɓe sunan akitek ga wanda ya yi rajista. Amma doka ba ta iya tilasta wa mutum ya ɗauki zane da muhimmanci in shi a wurinsa takardar kauce wa rusau ce kawai.

Aikin akitek na ƙwarai da zama yake farawa, kuma rabin zaman tambayoyi ne da mai gida bai zaci za a yi masa ba. Mutum nawa za su kwana a gidan yanzu, nawa kuma nan da shekara goma? Mace ɗaya ce, ko akwai niyyar ƙari? Wannan tambayar kan sa a yi dariya, amma duk wanda ya ga yadda ake toshe tsakar gida da ginin gaggawa saura wata biyu ɗaurin aure ya san ba ta wasa ba ce. Mahaifiya za ta dawo gidan? In za ta dawo, ɗakinta na son banɗaki a kusa, ba hawa ba sauka, kuma a inda za ta riƙa ganin shige da ficen jikoki. Baƙi maza a ina za su tsaya ba tare da sun ratsa cikin gida ba? Samari in sun taso, ɗakinsu ta waje zai buɗe ko ta ciki? Da gas ake girki ko da gawayi da itace, ko duka, kamar yadda yake a gidaje da yawa? Ina za a yi wanki da shanya, ina za a ɗaure ragon layya, ina za a kafa tukunyar suna? Akwai niyyar fitar da shago a jikin katanga? Banɗaki ma sai an daidaita shi kada mai zama ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya. Gidan Bahaushe na da ya amsa yawancin waɗannan tambayoyi da tsarinsa: zaure, sai ƙofar gida inda samari da baƙi ke sauka, sai shigifa, sannan cikin gida, kowane mataki yana ƙara sutura. Zanen da ake kwafowa daga intanet don wata rayuwa dabam aka yi shi, inda ƙofar waje ke faɗawa kai tsaye cikin falo, kicin kuma ɗan ƙarami ne na dafa abincin mutum uku. Shi ya sa za ka ga sabon gida bai shekara ba an kafa rumfar kwano a baya, girki na gaskiya ya koma can, kicin mai tayil ya zama ma'ajiyar kwanuka.

Akwai wadda ake yawan mantawa da ita a wannan zama. Maigida ne ke biya, shi ke zuwa ofis, amma uwargida ce ke wuni a gidan, ita ta san nisan da ke tsakanin murhu da famfo, ita ta san cewa ɗakin ƙafa goma sha biyu ba zai ɗauki gado da sif da madubi da sallaya ba. Akitek mai hankali kan nemi a zo da ita, ko abokiyar aikinsa mace ta je ta zauna da ita. Kuma tun da ba kowa ke iya karanta zanen da aka yi kamar ana kallon gida daga sama ba, hanya mafi sauƙi ita ce a je filin a fitar da ɗakunan a ƙasa da toka ko farar ƙasa, iyali su shiga su tsaya a ciki, su bi ta inda ƙofofi za su kasance. Gyaran da aka yi da toka kyauta ne. In bulo ya hau, guduma ce da asara.

Sai maganar rana da iska, inda a nan ne ilimin akitek ya fi fitowa fili kuma ba ya cin ko sisi na kayan gini. Daga Maris zuwa Mayu zafi a Kano da Sakkwato da Maraɗi kan haura digiri 40. Bangon da ke kallon yamma shi ke shan ranar la'asar gaba ɗaya, ya riƙe zafin, ya riƙa sako shi cikin ɗaki har tsakar dare. In ɗakin kwana ya faɗa a wannan ɓangare da ƙatuwar tagar gilashi, an yi tanda, kuma ba fankar da za ta gyara shi, ballantana a garin da wuta ke zuwa yadda ta ga dama. Wanda ya san aiki zai shimfiɗa gidan yadda dogayen bangayensa za su kalli kudu da arewa in filin ya yarda, ya tura sito da banɗaki da matakala zuwa yamma su zama garkuwa, ya sa tagogi su fuskanci juna don iska ta shiga ta fita, ya ɗaga silin, ya bar kafar da zafin da ke taruwa a ƙarƙashin kwano zai fice. Ya san hadari daga gabas yake tasowa da iska mai ƙarfi, don haka bangon gabas ke cin dukan ruwa kuma rufin wannan gefen ke buƙatar ɗauri mai kyau. Ya san ƙurar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa. Ya san leɓen rufi in ya fito sosai yana yi wa bango inuwa ya kare shi daga ruwa, abin da yayin ɓoye rufi a bayan katanga ya kashe, ya bar mutane da yoyo duk damina. Fuloti guda, bulo guda, kuɗi guda, amma wani gidan ana barci a cikinsa a watan Afrilu, wani kuwa sai an fito da tabarma waje.

Ƙasar ma sai an tambaye ta. A cikin Kano da kewayenta akwai kududdufai da aka cike da shara aka yanka fulotai, ƙasar da ba ta gama zama ba. Wanda ya yi mata fandishon da ake yi wa tsandauri, bango zai tsage tun kafin a yi fenti. A sassan Borno da Gombe da Adamawa akwai baƙar laka mai kumbura da damina ta tsattsage da rani, tana ɗaga gini tana sauke shi. Tsayin daɓe kuma da titin gobe ake auna shi, domin ranar da aka zo aka yi kwalta da kwata titi kan ɗaga, gidan da aka gina daidai da ƙasar yau ya koma rami, ruwan unguwa ya riƙa kwana a falo. Ga kuma rijiya da masai. Masana lafiya kan ba da shawarar a bar tazarar mita 15 zuwa 30 tsakaninsu, alhali cikakken fuloti na ƙafa 50 da 100 bai wuce mita 15 da 30 ba, kuma da yawa rabinsa suke saye. Ke nan ba ya yiwuwa mutum ya warware wannan a cikin katangarsa shi kaɗai. Sai an leƙa an ga inda maƙwabta suka haƙa nasu, an duba gangaren ƙasa, sannan a zaɓi kusurwa. Wanda ya zana gida bai je filin ba, ta yaya zai san sokawen maƙwabci na jingine da inda ya sa rijiya?

Inda na fi ganin gazawar masu zane shi ne a lissafin lokaci. Suna zana gida kamar za a gina shi cikin wata shida, mai gida kuma ya ɗauki zanen ya zuba fandishon ɗaki shida gaba ɗaya, ya tayar da bango ko'ina, kuɗi su ƙare a linta. Daga nan ya ci gaba da biyan haya shekara da shekaru, dukiyarsa na tsaye a fili tana lalacewa. Da an tsara ginin mataki-mataki, da kuɗin da suka kai ɗaki shida linta sun gama ɗaki biyu da kicin da banɗaki har rufi, iyali su tare, kuɗin haya su koma sayen bulo. Amma wannan sai an zana shi tun farko: inda bangon gobe zai haɗu da na yau, yadda rufi zai ci gaba ba tare da an yaye na farko ba, inda bututun ruwa da wayar wuta za su jira, tagar da za ta koma ƙofa. A birnin Iquique na ƙasar Chile, akitek Alejandro Aravena da abokan aikinsa sun fuskanci irin wannan a unguwar Quinta Monroy, inda tallafin gwamnati na dala 7,500 ga kowane iyali ba zai sayi fili ya kuma gina cikakken gida ba. Sai suka gina wa iyalai 93 rabin gida mai inganci, wato ɓangaren da mutum ba zai iya yi da kansa ba, ginshiƙai da matakala da kicin da banɗaki, suka bar gurbin da kowa zai cike da kansa in ya samu hali. An kammala a 2004, kuma yana cikin ayyukan da suka jawo masa lambar Pritzker a 2016. Abin lura shi ne mu nan ba sai an koya wa kowa gini da kaɗan-kaɗan ba, shi muke yi tun asali. Zanen da ya yarda da hakan ne ya yi ƙaranci.

Maganar bene kuwa ta wuce ta jin daɗi, ta rai ce. Mutum ya gina gidan ƙasa, bayan shekara takwas ya samu buɗi ya ce a ɗora, ba tare da kowa ya san faɗin fandishon da ke ƙasa ko kaurin rodin da ke cikin ginshiƙai ba. Ko a ɗora tankin ruwa mai lita dubu biyu a kan dekin, an manta cewa nauyin tan biyu ne. Akitek ba shi ke lissafin rodi ba, aikin injiniyan gini ne, kuma na kirki zai gaya maka haka ya haɗa ka da shi. Amma shi ne zai tambaye ka tun ranar farko ko kana da burin bene, don a yi fandishon da zai ɗauka ko a rubuta ƙarara cewa wannan gida ba ya ɗaukar ƙari. Dogon benen da ya rufta a Ikoyi ta Legas a Nuwamban 2021 ya kashe mutum fiye da 40, kuma jami'an jihar sun ce hawa 15 aka ba da izini, aka kai shi 21. Wannan ginin masu kuɗi ne, amma ɗabi'ar ɗora wa gini abin da ba a lissafa masa ba ita ce dai a lungunanmu.

Za a ce, to iyayenmu da kakanninmu wane akitek ya zana musu, ga gidajensu sun shekara ɗari? Amsar ita ce suna da shi, sunansa ne dabam. Garuruwan Hausa suna da Sarkin Magina da zuriyar magina da ke gadon sana'ar, kuma maginin shi ne mai tsarawa, shi ne mai ginawa. Malam Mika'ilu Babban Gwani, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, a wajen shekarun 1830, ya ɗaure bakan gizo da azara da ƙasa yadda har yau ɗaliban fannin ke zuwa nazari. A Jamhuriyar Nijar, Falke Barmou, maginin ƙauyen Yaama a jihar Tawa, ya fara masallacin garinsu a 1962, aikin da ya ci lambar Aga Khan a 1986. Waɗannan mutane sun san tsawon da azara ke iya ɗauka, sun san kaurin da bango ke so a gindi, sun san inda indararo zai zubar. Abin da ya canja shi ne kayan aiki. Ginin ƙasa yana ba da sanarwa: ya tsage, ya zaizaye, a yi masa yaɓe kafin damina. Kankare kuwa yana ɓoye aibinsa. Ba mai iya kallon ginshiƙin da aka shafe ya gane rodi huɗu ne a ciki ko uku, ko siminti nawa aka haɗa da yashi. Mun bar kayan da muka gaji saninsu muka koma waɗanda saninsu a lissafi yake, ba mu ɗauko lissafin ba.

Za a kuma ce birkilan da ya shekara talatin yana gini ya fi yaron da ya fito jami'a jiya sanin aiki. A abubuwa da yawa haka ne, kuma akitek da ya raina birkila ya yi wauta, domin da hannunsa zanen zai zama gida. Shi ya san mai buga bulon da ba ya ha'inci, shi ya san yashin wane rafi ne ke da laka. Amma birkila abin da ya saba yi yake maimaitawa, kuma ana biyansa ne a kan yawan abin da ya ɗora, don haka ba shi ne zai ce maka ka rage ɗaki ɗaya ka bar tsakar gida ba. Haka nan ba a sa mutum ya zama alƙalin aikin kansa. Kankare na buƙatar kusan kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da aka lissafa masa, yana kuma son ban ruwa a kwanakin farko. Kafintan da ke son katakonsa don wani aikin yana da dalilin cire tokara da wuri. Mai gida yana ofis ko kasuwa, in ma yana wurin bai san abin da zai duba ba. Ranakun da ake buƙatar ido na uku ba su da yawa: ranar fitar da fandisho, bayan haƙa kafin a zuba kankare, ranar da aka ɗaure rodin linta ko dekin kafin a rufe shi, da lokacin ɗaurin rufi. Wanda ya zo a waɗannan ranaku da tef a hannunsa, ya ƙirga rodi, ya ɗaga bulo ya sake shi ya ga ko zai ruguje, ya gama rabin aikin kare dukiyar mai gida.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na kuɗi, kuma ba a kore shi da wa'azi. A al'adar sana'ar ana lissafa ladan akitek ne da wani kaso na kuɗin ginin gaba ɗaya. Wannan tsari don manyan kwangiloli aka yi shi. Ga mutumin da shi kansa bai san nawa gidan zai ci ba, bai kuma san shekarar da zai gama ba, ba shi da ma'ana, har yana sa zargin cewa mai zane na kumbura gini don kasonsa ya ƙaru. Mafita ita ce a sayar da aikin gunduwa-gunduwa kamar yadda ake ginin: kuɗin zama da ziyarar fili dabam, kuɗin zane dabam, kowace ziyarar duba aiki da farashinta, a rubuce. Mai gida kuma ya yi lissafi na gaskiya. Bango ɗaya da aka rushe aka sake, ko lungun da ya cinye bulo ba ya amfanar kowa, ko dogon rufin nan mai tsini da ake yayi, wanda aka aro daga ƙasashen da dusar ƙanƙara ke zuba kuma yake cin katako da kwano ba gaira ba dalili, kowanne cikinsu na iya fin kuɗin zaman da zai hana shi. Mutumin da ke ganin kuɗin zane asara ne sau da yawa shi ne zai kashe ninkinsa a kan adon ƙofar gida.

Sai dai akwai zargin da masu zanen ba za su iya kaucewa ba, cewa da yawansu don idon abokan sana'a suke zane, ba sa sauraro. Tarihin fannin ma ya nuna kyakkyawar niyya ba ta isa. Hassan Fathy na Masar, wanda ake girmamawa saboda farfaɗo da ginin ƙasa, ya tsara wa mutanen Gurna sabon ƙauye kusa da Luksor a shekarun 1940, amma yawancinsu suka ƙi tashi daga inda abincinsu yake, aikin ya tsaya bai kammala ba. Gwamnati ce ta yanke shawarar tashinsu, kyan gini kuma bai sauya wannan ba. Sashen koyar da zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya shi ne mafi daɗewa a Najeriya, tushensa ya girmi jami'ar kanta, kuma yanzu jami'o'i da kwalejojin fasaha da dama a Arewa na yaye ɗalibai duk shekara. Da yawansu na zaune ba aiki suna jiran kwangilar gwamnati, alhali dubban masu fuloti na gini ba mai ba su shawara. Misalin abin da ke yiwuwa yana nan kusa. A Yamai, akitek Mariam Issoufou da abokan aikinta sun kammala rukunin gidaje shida da ake kira Niamey 2000 a 2016, da bulon ƙasa da aka matse da inji, gidaje masu hawa da tsakar gida a kan ɗan fili, an tsara su don iyali masu matsakaicin hali su samu sanyi da sutura. A Dandaji kuma, garin Hausawa a jihar Tawa, ita da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu suka gina sabo a gefensa, tare da maginan yankin. Amma a faɗi gaskiya, wanda ya kawo wa Bakano shawarar bulon ƙasa sai ya shirya wa tambayar ko talauci aka gani a tare da shi. Akitek na iya kawo hujja ya kai shi ya ga gini, ya sa hannu a bango da rana tsaka. In mai gida ya ce siminti yake so, gidansa ne, sai a yi masa na simintin da ba zai gasa shi ba.

Gida kuma ba ya tsayawa a kan mai shi. Wanda ya cinye filinsa kaf har bakin iyaka ya toshe wa kansa da maƙwabcinsa iska, wanda ya buɗe tagar bene a kan tsakar gidan wani ya sayi rigimar da za ta kai gaban mai unguwa, wanda ya saki ruwan rufinsa a bangon wani haka. Malaman Malikiyya sun daɗe da tattauna waɗannan; Ibn al-Rami, wani magini a Tunis a ƙarni na 14 da alƙalai ke nema ya duba rigingimun gini, ya rubuta littafi sukutum a kan tagogi da magudanan ruwa da bangon tarayya. Akitek da ya san unguwa zai ɗaga tagar sama da tsayin ido ko ya juya ta, ya bar tazarar da doka ta ce ko da ba mai zuwa dubawa. Zai kuma tuna da ranar rabon gado, wadda ba mai son ambatonta a lokacin fitar da fandisho: gidan da aka tsara sassa-sassa, kowane sashe na iya samun ƙofarsa da banɗakinsa, ana iya raba shi magada su zauna, wanda aka dunƙule a kan falo guda sai dai a sayar a raba kuɗi, uwar marayu ta koma haya.

Hukumomin tsara birane da ƙungiyar masu zanen gine-gine ta ƙasa, NIA, wadda ke nan tun 1960, suna da abin yi a nan da bai buƙaci sabuwar doka ba. Ana iya tanadar zanuka da aka riga aka amince da su don fulotin 50 da 50 da na 50 da 100, waɗanda aka tsara su don gini mataki-mataki, matashin akitek ya daidaita wa kowane iyali nasa bayan ya ga filin, a kan farashin da aka sani. Ana iya ba da izinin gini da ya san cewa aikin zai ɗauki shekaru, maimakon wanda ke ɗauka za a gama a damina guda. Ana kuma iya buɗe wannan ƙofa ga unguwannin awon igiya, domin can ne ake mafi yawan ginin, kuma jan fenti a bango bayan an kai linta bai taɓa matsar da rijiya daga kusa da masai ba.